Muhawara: Daidaita Kebul ɗin Hita da Ƙofofin Iska a Mota

Mai Ƙaramar Mota:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar masana a kan wata matsala da ta dame ni. Motata ƙirar shekarar 2003 ce, irin mai maɓallai uku na murɗawa a tsakiyar dashbod: ɗaya na ƙarfin fanka, ɗaya na zafi da sanyi, ɗaya kuma na zaɓen inda iska za ta fito. Tun bayan da aka canza mini rediyo, esi ɗin ya daina sanyi yadda na saba. Idan na tayar da mota da safe iska tana fitowa da sanyi sosai, amma da zarar inji ya ɗauki zafi sai sanyin ya riƙa raguwa har ya koma ɗumi-ɗumi. An ƙara gas, babu abin da ya sauya. Na kuma lura cewa maɓallin zafi da sanyi ya yi sako-sako, yana yin ɗan juyi kafin a ji ya kama wani abu. Yanzu ana ce mini kwamfreso, wato na'urar da take matsa gas ɗin esi, shi ne ya gaji, a canza shi. Kafin in amince, ina so in ji ta bakinku.

Mai Gyaran Esi:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka taɓa kwamfreson nan tukuna, domin bayanin da ka yi bai nuna shi ba. Babu abin da ya haɗa gajiyar kwamfreso da sako-sakon maɓalli.

Ga yadda iska take tafiya a cikin akwatin da ke bayan dashbod. Fanka tana turo ta, sai ta ratsa sashen sanyi na esi, inda zafinta yake sauka zuwa 'yan digiri kaɗan sama da sifili. Daga nan sai ta iso wata ƙofa ta roba ko ta ƙarfe, wadda ita ce take raba hanya: ko iskar ta wuce kai tsaye zuwa cikin mota, ko ta bi ta cikin ƙaramin lagireton hita, wanda ruwan inji mai zafin kusan digiri 90 yake zagayawa a cikinsa. A motoci da yawa babu bawul da yake tsayar da ruwan nan, saboda haka lagireton hita yana nan da zafinsa rani da damina, ƙofar ce kaɗai take kare ka daga gare shi. Idan ta gaza rufewa, ko da da faɗin ɗan yatsa ne, iskar da ta silale ta wurin ta isa ta lalata aikin esi. Da safe ruwan bai yi zafi ba, shi ya sa kake jin sanyi.

Ka yi wannan gwaji: ka bari inji ya yi zafi, ka kashe esi, ka kai maɓallin ƙarshen sanyi, ka buɗe iskar waje, ka kunna fanka. Iskar da za ta fito ya kamata ta yi kusa da ta waje. Idan ta fi ta zafi ƙwarai, to hita ce take shiga maka.

Mai Ƙaramar Mota:
Na gode, Malam. Na gwada, kuma iskar ta fi ta waje zafi nesa ba kusa ba. Ke nan kebul ɗin da ya haɗa maɓalli da ƙofar ne ya tsinke?

Tsohon Bakanike:
Ɗana, da ya tsinke da maɓallin zai riƙa juyawa haka kawai daga farko har ƙarshe ba tare da iskar ta sauya ba ko kaɗan. Tunda ka ce yana kamawa bayan ɗan juyi, wayar tana nan da ranta. Abin da nake zato shi ne kuben ne ya zame daga maɗaurinsa.

Kebul ɗin nan abu biyu ne. Akwai waya ta ciki, ƙarfe guda mai ƙarfi wanda yake iya ja ya kuma tura, akwai kuma kube na waje da take gudana a cikinsa. Mutane suna zuba wa wayar ido, alhali aikin duka yana wurin kuben. Dole a riƙe shi gam a kawunansa biyu, ɗaya a bayan maɓalli, ɗaya a jikin akwatin hita, kafin motsin da ka yi da hannunka ya isa ga ƙofa. Idan kai ɗaya ya kwance, sai ka murɗa maɓalli, kuben ya bi wayar su tafi tare, ƙofa kuwa ta tsaya a inda take ko ta motsa rabi. Masu sa rediyo sukan jawo allon maɓallan waje domin su sami wurin sa hannu, kuma jan nan kaɗai ya isa ya zame kube daga kilif ɗinsa.

Aikin ba shi da wuya, haƙuri yake so. Ka cire akwatin ajiya da ke gaban kujerar fasinja, ko murfin da ke ƙasan dashbod, ka kwanta ka haska tocila, ka sa wani ya riƙa murɗa maɓallin a hankali. Za ka ga wani ɗan hannu a jikin akwatin hita yana motsi, waya tana maƙale da shi ta ƙugiya ko zobe, kusa da shi kuma akwai kilif na ƙarfe da ya danne kuben. Kada ka kwance komai sai ka kalli kuben da kyau. Idan yana gaba yana baya a cikin kilif, ka sami ɓarawonka.

Daga nan sai ka ɓalle kilif ɗin da bakin sukudireba, ka zare wayar daga hannun ƙofa, ka motsa hannun da yatsanka daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ya kamata ya tafi sumul, a kowane ƙarshe ka ji ƙofar ta zauna da wata 'yar ƙara mai taushi. Idan haka ne, ka kai maɓalli ƙarshen sanyi, ka tura hannun ƙofa shi ma ƙarshen sanyi ka riƙe shi a nan, ka mayar da wayar, ka ɗan ja kuben har sako-sakon ya ƙare ba tare da maɓallin ya motsa ba, sannan ka danna kilif. Kilif shi ne na ƙarshe. Duk wanda ya fara ɗaure kube kafin ya daidaita kawunan biyu, sai ya sake aikin.

Malama Mai Koyar da Tuƙi:
Baba, ka yi mini afuwa in sa baki kafin ya shiga ƙarƙashin dashbod. Motar shekarar 2003 kusan tabbas tana da jakar iska ta fasinja, wadda take kumbura ta kare mutum idan an yi haɗari, kuma mazauninta yana daidai saman akwatin ajiyar da za a cire. Wayoyinta da mahaɗansu galibi launin rawaya ne, kuma ba a taɓa su, ba a kuma gwada su da fitilar gwaji. Idan aikin zai kai hannu kusa da su, a kashe mota, a cire kan batir na nagatif, a jira. Littattafan gyara na Toyota sukan ce a jira daƙiƙa 90, na Honda kuma minti 3, saboda na'urar tana riƙe da ragowar wuta na ɗan lokaci bayan an cire batir. Sai kuma ya tabbatar rediyon da aka sa masa ba mai neman lambar sirri ba ne idan wuta ta yanke.

Tsohon Bakanike:
Gaskiyarki, Malama. Ya ɗauki wannan kafin nawa. Ya kuma kula da bututun hita guda biyu da suke shiga akwatin, domin idan inji bai huce ba suna ƙona hannu.

Ɗalibin Injiniya:
Baba, ina da ƙari da kuma tambaya. Irin wannan kebul ana danganta shi da Ernest Bowden, wanda ya yi rajistar ƙirƙirarsa a Ingila a shekarar 1896, kuma a birkin keke ya fara yin suna. Bambancin shi ne wayar birki silili ce da aka tufka, ja kawai take iya yi, sifirin ne yake mayar da ita, ita kuwa ta hita sanda guda ce domin dole ta tura ƙofa kamar yadda take jawo ta.

Abin da ya biyo baya daga bayaninka shi ne, tsawon tafiyar wayar ba ya canzawa, maɓalli ne ya ƙayyade shi tun daga masana'anta. Matsar da kube a cikin kilif ba ya ƙara tafiyar, yana gusar da ita ne kawai zuwa wannan gefe ko wancan. Saboda haka idan ƙofa ba ta kai ƙarshen sanyi amma tana wuce gona da iri a ƙarshen zafi, daidaitawa za ta gyara. Idan kuwa ba ta kai ko ɗaya daga ƙarshen biyu, to motsi yana ɓacewa a wani wuri, ko robar da ta riƙe kube a bayan maɓalli ta tsage, ko wayar ta lanƙwashe, ko ramin hannun ƙofa ya cinye, kuma komai matsar da kilif ba zai warkar da wannan ba.

Tambayata ita ce: me ya sa ka ce ƙarshen sanyi? Idan tafiyar daidai take, ai kowane ƙarshe aka ɗauka sakamakon ɗaya ne.

Tsohon Bakanike:
A takarda ɗaya ne, ɗana, a tsohuwar mota ba ɗaya ba ne. Bayan shekara ashirin kowace gaɓa ta ɗan ci, ramuka sun buɗe, sosan da ke bakin ƙofa ya kwanta, saboda haka tafiyar da take isa ga ƙofa ta ɗan gaza ta asali. Dole wani ƙarshe ya yi asara, kai ne za ka zaɓi wanne. Idan ƙofa ta gaza kaɗan a ƙarshen zafi, 'yar iska mai sanyi za ta gauraya da mai zafi, da wuya ma mutum ya lura. Idan ta gaza kaɗan a ƙarshen sanyi, ka ga abin da ya sami mai tambaya. Amma idan akwai littafin gyaran motar a hannu, shi za a bi, domin akwai motocin da aka yi wa hannun ƙofarsu rami na musamman da ake zura ƙusa a ciki ta riƙe shi a wani matsayi yayin da ake ɗaure kebul, kuma matsayin ba dole ne ya zama ƙarshen sanyi ba.

Direban Dogon Zango:
Ni dai ina ganin ana wahalar da bawan Allah ne. Idan ba ya buƙatar hita, ya buɗe bonet, ya cire tiyo biyun nan da suke shiga cikin mota, ya haɗa su da guntun bututu. Ruwan zafi ba zai sake shiga ba, ƙofa ta rufu ko kada ta rufu, esi zai yi sanyi. Na ga an yi wa motoci da dama haka, suna kuma tafiya lafiya.

Malama Mai Koyar da Tuƙi:
Alhaji, ban yarda da wannan ba. Hita ba don ɗumama jiki kaɗai aka yi ta ba. Ranar da ake ruwan sama da dare, gilashin gaba ya yi gumi daga ciki, abin da yake share shi da sauri shi ne iskar da esi ya busar sannan hita ta ɗumama ta. Shi ya sa motoci da yawa suke tayar da kwamfreso da kansu da zarar an juya maɓalli zuwa gilashi. Iska mai sanyi zalla tana iya share cikin, amma idan ta daɗe tana dukan gilashi a yanayi mai laima sai ya koma yin raɓa ta waje. Na sha ganin masu koyo suna goge gilashi da hannu ɗaya suna tuƙi da ɗaya, kuma ba abin da nake so in ga ɗan'uwanmu yana yi ba ne saboda kilif guda.

Mai Gyaran Esi:
Ina bayan Malama, kuma akwai dalili na biyu da Alhaji ya fi ni saninsa. Idan allurar zafin inji ta fara hawa a kan hanya, kashe esi da buɗe hita har ƙarshe tare da fanka yana janye wani kaso na zafin, ya ba direba damar kaiwa inda zai tsaya lafiya. Wanda ya yanke hita ya rasa wannan. Haɗa tiyo yana da wurinsa, wato idan lagireton hita ya huje yana zubar da ruwa a kan kafet, gilashi yana yin maiƙo, ana jin wani wari mai zaƙi-zaƙi a cikin mota. A nan dabara ce ta wucin gadi kafin a sami damar sauke dashbod. Amma lagireton mai tambaya lafiyarsa ƙalau.

Direban Dogon Zango:
Maganar gilashi na karɓa, domin na san wahalarta. Sai dai har yanzu ina cewa idan aka buɗe aka tarar ƙofar ce ta karye daga ciki, mutum zai auna sauke dashbod gaba ɗaya da haɗa tiyo, kuma ba kowa ne zai zaɓi na farko ba. Wanda zai haɗa, ya haɗa su da juna, kada ya toshe su, domin a wasu injuna ruwan yana buƙatar wannan zagayen kafin tamostat, wato bawul ɗin da yake sakin ruwa zuwa babban lagireto idan inji ya yi zafi, ya buɗe.

Mai Kula da Zaure:
An ji ɓangarorin biyu. Mu jira mai tambaya ya duba ya dawo mana da abin da ya gani.

Mai Ƙaramar Mota:
Na dawo. Baba, kamar kana wurin. Kilif ɗin yana nan a mazauninsa, amma ya buɗe baki, kuben yana zamewa a ƙarƙashinsa. A jikin kuben ma na ga tsohon shatin da haƙoran kilif suka yi, wasu layuka biyu da suka nutse a cikin robar, kuma sun gusa daga kilif ɗin da kusan faɗin farce. Na zare wayar, na motsa hannun ƙofa, yana tafiya ba tare da turjiya ba. Na matse bakin kilif da filaya, na daidaita a ƙarshen sanyi kamar yadda ka ce, kuma abin mamaki shatin nan ya dawo daidai ƙarƙashin haƙoran. Yanzu esi yana sanyi ko da inji ya yi zafi.

Saura abu biyu. Na farko, idan na kai maɓalli ƙarshen sanyi na sake shi, yana ɗan dawowa baya kaɗan da kansa. Na biyu, maɓallin zaɓen inda iska za ta fito yana da tauri ƙwarai, musamman tsakanin ƙafa da gilashi, har ina jin tsoron kada ya karye.

Tsohon Bakanike:
Madalla. Na farkon ba ciwo ba ne, alama ce mai kyau. Ma'anarsa ƙofar ta riga maɓalli isa ƙarshe, ta danne sosanta, wayar ta ɗan ɗauki nauyi, shi ne take turo maɓallin baya. Abin da ba a so shi ne akasin haka, wato maɓalli ya bugi ƙarshensa da ƙara ƙwas alhali ƙofa tana da sauran tafiya. Idan dawowar kaɗan ce, ka bar ta. Idan kuwa maɓallin yana tsayawa nesa da alamar ƙarshe, ko sai ka yi ƙarfi kafin ya kai, ka ja kuben fiye da kima, ka sassauta shi kaɗan, in ba haka ba wata rana robar bayan maɓalli ce za ta biya.

Na biyun kuwa, ka daina murɗa shi da ƙarfi daga yau. A bayan maɓallin akwai 'yan giyoyi na roba, kuma tsohuwar roba ba ta lanƙwasa, karyewa take yi. Ka bi hanyar da ka bi ɗazu: ka zare wayar daga jikin akwatin, ka gwada ɓangarorin biyu daban-daban. Idan maɓalli ya yi laushi bayan ka zare, taurin yana cikin akwati. Hannun wannan sashe ba irin na zafi ba ne, sau da yawa faifai ne mai kwarori da wasu 'yan ƙusoshi suke bi a ciki, yana motsa ƙofofi biyu ko uku a lokaci guda, kuma idan tsohon giris ya bushe a cikin kwarorin sai ya cije. Haka kuma biro ko kwabo ko tsinke yakan faɗa ta ramin iskar gilashi ya tokare ƙofa. Idan kuwa maɓallin yana nan da taurinsa bayan ka zare, kebul ɗin ne, kuma tunda an taɓa rediyo, ka fara duba bayan rediyon.

Mai Ƙaramar Mota:
Na zare, taurin yana nan. Da na ciro rediyon sai na tarar an cusa dunƙulen wayoyinsa a baya, sun danne kebul ɗin sun tanƙwara shi a jikin wani ƙarfe. Na janye wayoyin gefe na ɗaure su, kebul ya koma kan lanƙwasarsa mai faɗi, taurin ya ragu sosai amma bai tafi duka ba. Shin in ɗiga masa mai?

Direban Dogon Zango:
Ka ɗiga masa baƙin mai ta sama, ka yi ta murɗawa har ya sauka. Haka muke yi wa kebul ɗin totur da na kuloci.

Mai Gyaran Esi:
Alhaji, a nan ma zan saɓa maka. Yawancin kebul ɗin hita suna da shimfiɗar roba mai santsi a cikin kube, an yi su ne su yi aiki a bushe ko da ɗan abin santsi kaɗan. Man inji yana tara ƙura, bayan wani lokaci ya zama danƙo, kuma yana iya kumbura wasu nau'o'in roba. Ga shi kuma cikin mota ne, warinsa zai zauna. Idan za a sa wani abu, a sa feshin silikon kaɗan, a kare kafet da tsumma. A kan faifan nan mai kwarori kuma farin giris ko giris na silikon ya dace, ɗan shafe kawai, bayan an goge tsohon.

Amma ina jin maganar ba ta mai ba ce. Malam, ka zaro kebul ɗin gaba ɗaya idan za ka iya, ka miƙe shi a kan tebur, ka tura wayar da yatsu biyu. Idan ta cije a wuri ɗaya kullum, wayar ta samu karaya a daidai inda aka danne ta.

Ɗalibin Injiniya:
Idan haka ne ba na ganin miƙe ta zai ɗore. Ƙarfen da ya lanƙwashe aka mayar da shi yakan yi rauni a wurin, kuma tunda wannan waya tura abu take yi, duk lokacin da ta gamu da turjiya a nan za ta sake durƙusawa.

Tsohon Bakanike:
Ya danganta da inda karayar take. Idan a wajen kube take, a guntun da ke fitowa kusa da ƙugiya, filaya biyu suna miƙe ta ta kuma yi shekaru tana aiki, muddin ƙofofin ba su da tauri. Idan a tsakiyar kube take, a sayi wani. Wanda zai saya ya tafi da tsohon a hannu, ya gwada tsawon kube da tsawon waya kowanne daban, ya dubi siffar kawunan, domin kebul biyu ko uku na mota ɗaya sukan yi kama amma tsawonsu ya bambanta, wasu kamfanoni ma launi daban suke ba kowanne saboda haka. Kafin ya cire tsohon ya ɗauki hoton hanyar da ya bi, ta saman wane ƙarfe, ta ƙarƙashin wane bututu. Kebul mai kyau da aka bi da shi ta muguwar hanya, tauri zai yi kamar lalatacce.

Mai Tsohuwar Mota:
Baba, ku ba ni dama in shigo da tawa tambayar tunda maganar ɗaya ce. Ni a tawa, bayan kebul ɗin cikin dashbod, akwai wani da ya ratsa zuwa wajen inji ya kama wani bawul a jikin tiyon hita. Wanne ake fara daidaitawa?

Tsohon Bakanike:
Wannan tsari ne da ake samu a motocin Honda da yawa na shekarun 1990 da farkon 2000, da wasu motocin ma. Maɓalli yana motsa ƙofa, hannun ƙofa kuma yana jan kebul na biyu da yake buɗe ko rufe ruwa. Tunda na biyun a jikin na farko yake rataye, na ciki ake fara gyarawa. Ka kwance kebul daga bawul, ka daidaita ƙofa a ƙarshen sanyi, sannan ka fita wajen inji ka juya hannun bawul har ya rufe ruf, ka riƙe shi, ka maƙala wayar, ka ɗan ja kube ya ɗauke sako-sako, ka danna kilif. Kafin haka ka motsa bawul ɗin da hannu, domin yana zaune cikin zafi da ƙura, yakan cije, kuma bawul mai cijewa shi ne yake lanƙwasa waya. Bayan ka gama, idan inji ya yi zafi, maɓalli yana kan sanyi, tiyon da ke bayan bawul bai kamata ya kai na gabansa zafi ba.

Malama Mai Koyar da Tuƙi:
Akwai wata 'yar'uwa da ta turo mini tambaya a gefe bayan ta karanta wannan muhawara. Ta ce ta leƙa ba ta ga waya ko ɗaya ba, sai dai tana jin ƙara ƙas-ƙas-ƙas a bayan dashbod duk lokacin da ta sauya zafi.

Mai Gyaran Esi:
Tata ba ta da kebul. Ƙananan motoci na lantarki ne suke juya ƙofofin, kuma ƙarar nan giyar roba ce da haƙoranta suka zube a cikin ɗaya daga cikinsu. Ba a daidaita wannan da kilif, canza shi ake yi, wasu motocin kuma sai an sa na'urar ta sake koyon iyakokin ƙofa bayan an canza. Akwai kuma nau'i na uku a tsofaffin motocin Amurka da dama, inda zuƙon iska daga inji yake motsa ƙofofin ta wasu siraran tiyo masu launi. Alamar wannan a fili take: idan tiyo ya huje, iska takan koma gilashi ita kaɗai, musamman idan an taka totur a hawa. A irin waɗannan motoci sau da yawa zafi da sanyi kaɗai ne yake kan kebul, kuma a wasunsu kilif ɗin a kan wayar ciki yake, yana zamewa ya daidaita kansa idan aka kai liba ƙarshe zuwa ƙarshe da ɗan ƙarfi.

Mai Ƙaramar Mota:
Na zaro kebul ɗin na gwada a kan tebur. Karayar tana tsakiya, daidai inda kuben ya yi fari saboda dannewa, don haka na nemo wani mai tsawo ɗaya na sa. Baba, a wane matsayi zan ɗaure wannan, tunda shi ba shi da zafi da sanyi? Sannan akwai ƙaramar liba ta iskar waje da ta ciki, ita ma in taɓa ta?

Tsohon Bakanike:
Ƙa'idar ba ta sauya ba: ka zaɓi ƙarshe guda, ka kai maɓalli da hannun ƙofa can tare, kilif daga baya. Idan ba ka da littafi, ka ɗauki ƙarshen gilashi, domin shi ne wanda ba a son ya gaza. Bayan ka ɗaure, ka kunna fanka a mataki na ƙarshe, ka bi matsayin ɗaya bayan ɗaya kana sa bayan hannunka a ramukan fuska da na ƙafa da na gilashi. 'Yar iska kaɗan a ramukan gefe ko a gilashi yayin da kake kan ƙafa ba laifi ba ce, haka aka ƙera motoci da yawa. Ka kuma saurari kwamfreso, ka ji ko yana kamawa idan ka kai gilashi, in motarka mai yin haka ce.

Libar iskar waje kuwa, kada ka kwance ta sai ta nuna ciwo. Ƙofarta tana saman fanka, bayan akwatin ajiya, ita ce ma mafi sauƙin gani da ido. Ka matsa libar ka kalle ta: ta rufe ramin waje ruf a gefe ɗaya, ta rufe na ciki ruf a ɗaya gefen, kuma ƙarar fanka ta ƙaru idan ka koma iskar ciki. Idan tana yin haka, ka bar ta. Tunda akwatin ajiya yana waje, ka zaro matatar iska idan motar tana da ita, ka duba ko ta toshe.

Kafin ka mayar da murafai, ka yi tafiya a hanya mai gargada, ka dawo ka sake haska kilif ɗin da ka matse da filaya. Ƙarfen da ya taɓa buɗe baki yakan sake buɗewa. Idan ka ga kuben ya gusa ko kaɗan daga shatinsa, ka sayi sabon kilif, kada ka ɗaure shi da waya ko ka matse shi har kube ya lotse, domin lotsewar za ta kama wayar ciki ka koma kan taurin da ka fito daga cikinsa.

Mai Ƙaramar Mota:
Na ɗaure a ƙarshen gilashi, dukkan matsayin suna fitar da iska inda ya kamata, maɓallin kuma yana juyawa da yatsu biyu. Ƙofar iskar waje tana rufewa daidai, ban taɓa ta ba. Matatar ce na tarar ta cika da ƙura da ganye, zan canza ta tare da kilif ɗin kafin in mayar da akwatin. Allah Ya saka wa Baba da Malam da Malama da sauran 'yan'uwa da alheri.